Giyar da Ba a Dafa wa Gwaggo Tanoma Ba

Da daminar bana Gwaggo Tanoma ta cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, domin malamai da alhazai da manyan ma'aikata aka saba tunawa a irin wannan shafi, ita kuwa gwaggota giya take dafawa. Burkutu na jar dawa, a wani ƙauye da ke bayan Tibiri. Gara in faɗa tun daga farko, mai juya shafi ya juya, ba zan ga laifinsa ba. Ni Musulmi ne, na san hukuncin giya, ban taɓa kai ta bakina ba, kuma ba tallarta na zo yi ba. Abu guda tsohuwar nan ta roƙe ni a duniya, har yau ya fi ƙarfina, shi nake so in faɗa.

A Damagaram aka haife ni, can na girma, can nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Mahaifina tela ne, kowa Malam Usman yake ce masa. In ka tambaye shi garinsu sai ya ce yamma, ya ci gaba da taka kekensa. Sai bayan rasuwarsa mahaifiyata ta gaya mini cewa sunansa na yanka Tunau, kuma daga gidan Anna ya fito, wato Hausawan da suka riƙe addinin kakanni. Ya musulunta yana saurayi, ya bar gida, gida ya bar shi. Ta ce yana da ƙanwa guda da ta rage, Tanoma, ya kamata wani ya kai mata labari da baki. Da hutu ya zo na hau mota zuwa Maraɗi, garin da ban taɓa takawa ba.

Na same ta a bayan ɗakinta tsakanin manyan tukwane, hayaƙi ya sa idanunta sun yi ja. Gajeruwa ce, ga murya kamar ta mai kiran kasuwa. Ban gama sallama ba ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Waɗanga kunnuwa na Tunau na. Ya mutu ko?” Na ce ya rasu. Ta zauna a kan turmi, hawaye na zuba ba ta share ba. Can sai ta miƙe ta janye itace daga ƙarƙashin wata tukunya, don abin da ke kan wuta bai san ana makoki ba. Daga nan ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar ƙwarya, ta ɗebo mini ruwan randa, ta ce in sha da kwanciyar rai, giya ba ta taɓa ƙwaryar ba. Tun daga ranar har ta mutu ba ta taɓa yi mini tayin abin da take dafawa ba, ko da wasa.

Na ce ina so in san dangin ubana. Ta yi dariya ta ce to sai in daure in toshe hanci, don dangin ubana duk a bakin tukwane suke. Haka na yi kwanaki ina bin bayanta, ni mushe, wato malamin lakwal, da farar riga, ita da zanenta mai warin hayaƙi, muna shiga gidajen giyar Maraɗi ɗaya bayan ɗaya.

Baƙo makaho ne ko da idonsa. Na bi ta wasu lungunan Sabon Gari ban ga komai ba sai katanga da awaki, ashe a bayan katangar akwai rumfa cike da mutane. Babu allo, babu alama, hanci ne ke kai mutum. Matan da ke dafawa sun raba ranaku tsakaninsu, kowace da ranarta, don kada wata ta kashe wa wata kasuwa, kuma masu sha sun haddace ranakun fiye da yadda ɗalibaina suka haddace darasi. Na ga manoman da suka kawo gero kasuwa, da magina, da masu garaya, da ma'aikatan da aka turo daga wasu jihohi. Na kuma ga 'yan gari da ke cusa hula a aljihu kafin su shiga, sai ka ce hular ce za ta kai ƙararsu.

Gwaggo kuwa alƙali ce. Duk gidan da muka shiga sai an miƙo mata ƙoƙo, ta kurɓa kaɗan, ta juya a baki, ta yanke hukunci a gaban mai gida ba kunya. Ta wance ta yi tsami don ta yi rowar wuta. Ta wance ruwa-ruwa ce, ko jariri ba za ta kayar ba. Wata kuma da kara take dafawa don itace ya yi tsada, shi ya sa tata ke ɗaukar ƙauri. A Jiratawa kaɗai, gidan wata ƙawarta Inna Dela da ke kusa da gonakin rani, na ga ta shanye ƙoƙo ba ta ce uffan ba, wanda a wajenta yabo ne babba. A kowace rumfa sai ta kama hannuna ta ɗaga ta ce, “Ɗan Tunau na, ya komo.” Tsofaffi su taso su shafa kaina, wasu su yi kuka. Ina cikin wurin da aka koya mini in guje wa, amma ban taɓa jin an karɓe ni kamar yadda aka karɓe ni a can ba, kuma har yau ban san inda zan ajiye wannan a zuciyata ba.

A wannan zuwan na san 'yarta guda, Rabi, taubashiyata. Ta musulunta da aure, tana zaune a Sabon Gari da mijinta ɗan kasuwar hatsi. Ranar da muka fara haɗuwa ta ce ashe bawan da aka ce ya ɓace a gabas ya dawo, na ce na dawo karɓar kuɗin sharata da aka daɗe ana ci. Tun daga nan ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Rabi a gindin tukwanen uwarta ta girma, babu abin da ba ta iya ba na aikin, amma tun da ta yi aure ba ta ƙara taɓa muciyar ba. Uwa da 'ya ba su taɓa faɗa a kan haka ba. Rabi na aika mata goro da sabulu, ita kuma tana aiko da kuka da daddawa.

Zumunta a ƙafa take, na riƙa zuwa duk hutu. A zuwana na ƙarshe da na same ta da rai, ƙafafunta sun kumbura, ta daina dafawa. Ta sa na raka ta bakin rumbunta, ta nuna mini dammunan jar dawa da ta ware gefe guda. Ta ce a gidanmu, in babba ya mutu, da kaka mai zuwa ake ɗebo dawa daga rumbunsa, mace ta jininsa ta dafa masa giya, a zuba ƙwaryar farko a ƙasa a kira sunansa. Kafin a yi haka, mamaci yana nan tsaye a ƙofar magabata kamar baƙon da ba a ba ruwa ba, ba ya shiga, ba ya zama. Ban san ko haka kowane gidan Anna yake yi ba, na gidanmu nake faɗa. Ita ta dafa ta ubanta, da ta uwarta, da ta duk ɗan gidan da ya riga ta.

Ta ce, “Ɗan Tunau, ban ce ka dahwa ba, kai namiji na, kuma na san hanyarka. Ban ce ka sha ba. Amma kai ka da baki, ka yi karatu. Ka tsaya a yi mini. Kada ku bar ni tsaye.”

Na ce to, Gwaggo. Me zan ce? Tsohuwa ce mai ciwo ta riƙe hannuna. Ban yarda da ƙofar da take faɗa ba, amma ita ta yarda, kuma tsoron da na gani a idonta ba na wasa ba ne.

Ta rasu da damina. Kafin in iso an rufe ta. A wajen zaman gaisuwa wasu maƙwabta suka riƙa cewa ai ta yi kalmar shahada a ƙarshe, don su sanyaya mana rai. Na ja Rabi gefe na tambaye ta, tunda a cinyarta ran ya fita. Ta ce ba za ta yi wa uwarta ƙarya ba, ruwa kawai ta nema.

Da kaka ta yi na dawo da niyyar sauke alkawari, ina ganin abu ne mai sauƙi. Dabarata ta ɗan birni ita ce in sami wani tsoho daga cikin Annan da suka rage, ya je ya samo burkutu a gari, ya zuba, ya kira sunanta, ni ina nesa hannuna bai taɓa ba. Na kai wa Baba Jimrau wannan magana, maƙwabcinta ne tun suna yara. Ya saurare ni har na gama, ya girgiza kai ya ce, “Yaro, ta kasuwa ta masu rai ta. Kai in ka yi baƙo, gidan maƙwabta kaka tura shi shan ruwa?” Dole dawar ta zama tata, hannun kuma na jininta.

Sai na sake bin hanyar da ta bi da ni, wannan karon ni kaɗai, ina neman macen da ta haɗa jini da mu ko da ta nesa ce. Gidan farko na tarar mai shi ta mutu, 'ya'yanta sun sayar da tukwanen ga masu rini. Na biyu mai gidan haya ya tashe su, don maƙwabta sun matsa masa. Wata da Gwaggo ta taɓa ce mini jikar kawunsu ce, na same ta tana sayar da fura a bakin tasha da hijabinta, da na fara magana ta ce in rufa mata asiri, surukanta ba su san abin da ta taɓa yi ba. Ban ji haushinta ba. Kowa na da bakin da yake ciyarwa da kunyar da yake tsoro.

Inna Dela ta Jiratawa ce kaɗai ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce ita ba jininmu ba ce, amma akwai sauƙin da tsofaffi suka bari: in 'yar mamaciyar ta zuba dawar a ruwa da hannunta, ta kuma hura wutar farko, to ita za ta ƙarasa sauran, ya wadatar. Na fito daga gidanta da sauri har ina tuntuɓe, na tare ɗan kabu-kabu zuwa Sabon Gari.

Na shiga da wasa kamar kullum, na ce baiwata, yau aiki na kawo miki. Da ta ji aikin sai dariyar ta ɗauke. A shekarar ta dawo daga Makka. Ta ce, “Mushe, yau ba wasa tsakaninmu. Wanda ya hura wuta shi ya dahwa, kada mu ruɗi kanmu. Kai ka hi ni sanin an la'anci mai yin ta da mai ɗaukar ta. In na yi, mi zan ce ma Ubangijina? In ban yi ba, mi zan ce ma uwata? Kai da ka yi karatu, hwaɗa mini.”  Yaya zan tura ta ta yi abin da ni kaina na ƙi taɓawa? Muka zauna muna kuka mu biyu kamar yara, mijinta ya leƙo ya koma.

Na je wurin wani malami da nake girmamawa, mutum mai sauƙin kai, na kwance masa komai. Bai tsawata mini ba. Ya ce alkawarin da ya saɓa wa shari'a ba a cika shi, babu nauyi a kaina. Na ce to ko addu'a in riƙa yi mata. Ya ce wanda ya mutu a kan wani addini ba a nema masa gafara, sai dai a bar lamarinsa ga Mahaliccinsa. Na fito an sauke mini nauyi a hukunce, amma ƙirjina ya fi da nauyi. Gaba kura, baya sayaki: hanyarta ta rufe mini, tawa ma ta rufe.

Bana na sake zagaya Maraɗi, ina tunanin abin da za ta ce da ta ga garin. Rumfar da aka fara ɗaga hannuna a cikinta yanzu shagon cajin waya ne. Inna Dela ta rasu, Baba Jimrau ma haka. Na tabbata akwai sauran masu dafawa a ƙauyuka, amma waɗanda suka san sunan Tanoma sun ƙare. Mai karatu zai iya cewa alhamdu lillahi, ɓarna ta ragu, ni ma da na so in ce haka da zuciya ɗaya. Sai dai na ga 'yan ledojin barasa da ake shigowa da su ta kan iyaka zube a kwata, na ga samarin da ƙwaya ta mayar kamar itace a bakin titi. Gwaggo takan kori mutum in ta ga ya fara layi, ta aika a kira matarsa, kuma yaro bai isa ya zauna a rumfarta ba. Ba ina cewa nata daidai ne ba. Ina cewa da ta ga na yau, da ta riƙe baki ta tambaya wace ce uwar wannan abin, wa ke kallon idon mai sha ya ce masa ya isa. Kuma da ta ga yadda jikokinta suka yi karatu, ɗaya har tana aikin jinya, da ta yi guɗa har muryarta ta dushe, domin ba ta taɓa baƙin ciki da hanyar da 'ya'ya suka bi ba. Nata kawai ta roƙa.

A wannan zuwan ne Rabi ta gaya mini abin da ta ɓoye mini shekara da shekaru. Mun tsufa yanzu, tsiyar ma ta ragu. Ta ce kafin rumbun ya rushe ta kwashe dawar, ta ba wani mai gona a bakin gulbi yana shuka mata kunya kaɗan duk shekara don kada irin ya ɓace. Duk kaka sai ta jiƙa dawar, ta baza ta rufe har ta tsira, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, ta tace, daidai yadda uwarta ta koya mata. A nan ruwan yake da zaƙi, ba ya bugar da kowa. Abin da ya rage ya zama giya shi ne a zuba masa ɗan tsohuwar giya a bar shi ya kwana ya tashi. To nan take tsayawa. Tun da ɗuminsa take rabar da shi sadaka a unguwa, a sha kamar kunu, ta wanke tukunyar kafin rana ta faɗi. Ba ta zubawa a ƙasa, ba ta kiran suna.

Ta ce, “Iyakata ke nan, mushe. Ko taki ɗaya ba ni iya ƙarawa. Kana ganin shina kai mata?”

Na so in ce e, don ta samu barci. A hanyar Gwaggo abin da bai kwana ba ba giya ba ne, bai biya ba. A hanyarmu kuma an riga an gaya mini amsa. Na ce mata ban sani ba, Rabi. Ta gyaɗa kai, ta ce ita ma haka ta zata, amma baɗi ma za ta yi, in hannuwanta sun bari, don sanyin ƙashi ya fara kama su. 'Ya'yanta mata ba wadda ta san yadda ake tsirar da dawa, kuma ba ta da niyyar koya musu.

In na auna abin da ya rage na Gwaggo Tanoma, ba shi da yawa. Tukwanenta sun fashe, gidan ya zama gona, sana'arta ba abin da zan yi wa jikokina alfahari da shi ba ne. Amma ita ta mayar da ni cikin dangin ubana, ta girmama addinina fiye da yadda wasu masu sallah ke girmama na maƙwabtansu, kuma duk wanda ya mutu a gidanmu kafin ita ya sami mai tsaya masa. Ita da ta yi wa kowa, ita ce ba ta samu ba, kuma ba don mun ƙi ta ba. Mu biyu da muka fi kowa sonta mu ne muka kasa.

A nan ne masu irin wannan rubutu ke rufewa da addu'ar da kowa ya sani, mai karatu ya ce amin. Ni an ce ba ni da izinin yin ta, kuma ba zan yi wa malamaina gardama a jarida ba. Na bar ta ga Wanda ya halicce ta, Shi ya san ta fiye da ni. Abin da ya rage a bakina wanda ba mai hana ni shi ne in gaya mata gaskiya. Gwaggo, ɗan Tunau ne. Na yi bakin, na yi yawon, ba a dafa ba. In da gaske tsaye kike, ki yi haƙuri.